Gwangwanin Dambun Mak Jenab

A ƙauyukan da ke bayan tsibirin Penang, in dai an yi biki an ci an yaba, da wuya a ce ba hannun Mak Jenab ba ne. Tun tana budurwa take bin uwarta gidajen biki. Daga yankan albasa ta kai ga riƙe muciya, har ya zama sai an ji ta bakinta kafin a sa rana. Amma kaɗan ne cikin masu cin abincinta za su iya cewa ga yadda muryarta take. Ita a bayan gida take, inda hayaƙi yake. Sai kowa ya ci ya watse sannan ta kankare ɗan ƙanzo a murfin tukunya ta ci a tsaye.

Ba miskilanci ba ne. Haka Allah Ya yi ta. In ta tsaya gaban mutum hannu rabbana, sai magana ta maƙale mata a wuya. In kuwa da kwano a hannunta, ta san abin faɗa: "Bismillah, taɓa." Daga nan mutum zai tambayi me aka sa a ciki, ita kuma ta ba da amsa, hira ta kama hanya. Da haka ta zauna da mijinta har Allah Ya yi masa rasuwa, da haka ta raini 'yarta Nani, wadda yanzu take aiki a Kuala Lumpur, sai dai waya ranar Juma'a.

Mai bakin ita ce Senah, maƙwabciyarta kuma abokiyar girkinta. Senah ko turken lantarki ta samu sai ta ji daga wane gari yake. Ita ce ta kawo maganar jirgin. Duk sanda suka shiga George Town sayen kayan miya, sukan ga manyan jiragen nan na yawon shaƙatawa a tsaye a bakin ruwa, farare tas, sun ɗara benayen gari tsawo.

"Kak Jenab," in ji Senah wata rana, don Kak, wato Yaya, take ce mata, "kin san a cikin abin can ba a wanke-wanke? Ki ci, ki miƙe, wani ya kwashe."

"To wa yake dafawa?"

"Ina ruwanki? Ke ko Aljanna aka kai ki sai kin tambayi hanyar kicin."

Wasa-wasa magana ta zauna. Suka jira kwasar adashensu, Nani ta yi musu takardun tafiya ta waya. Suka yi ta gardama a kan ɗaki, Senah na son mai taga, Mak Jenab na cewa ai ruwa ruwa ne, ko ba taga an san yana nan. Senah ta yi nasara. Suka yanki yadi iri ɗaya suka kai wa tela. Senah har ta sayo wuƙa da cokali mai yatsu tana koyon ci da su, tana bin cinyar kaza a faranti kamar mai farauta.

Shirin Mak Jenab ɗaya ne: guzuri. Ta sayo naman sa mai kyau, ta dafa shi ya yi luguf, ta zauna ta yage shi da hannu sili-sili. Ta matse madarar kwakwa, ta daka citta da tafarnuwa da busasshen barkono, ta jiƙa tsamiya. Sannan ta ɗora babban kasko ta kama juyi, don dambun nama irin nasu ba ya son a ɗauke masa ido har sai ya bushe ya yi wara-wara.

Tana cikin juyin Senah ta leƙo, da hular kwano a ka, za ta karɓo ɗinki.

"Ikon Allah! An ce abinci ba ya yankewa a jirgin nan dare da rana, ke kuma kina dambu?"

"Wa ya taɓa tafiya ba guzuri? Mutanen da za mu tarar, da me za mu gaishe su?"

"Da baki, kamar kowa."

"Zo ki taɓa."

A wajensu kowa ya san in an yi maka tayin abinci, ko ka ƙoshi, ko sauri kake, sai ka sa yatsa ka ɗanɗana, ko aƙalla ka taɓa bakin kwanon. Wanda ya wuce bai taɓa ba ya bar ransa a baya, kuma wanda ya bar ransa a baya tsautsayi yake nema.

"Ajiye min, tela zai rufe," in ji Senah, ta tashi babur.

A kwanar masallaci akuya ta gitta mata.

Mak Jenab ta same ta a asibiti, ƙafa a naɗe an rataye ta sama.

"Ban ce ki taɓa ba?"

"Kak, akuya ce ta kayar da ni, ba dambunki ba."

"Wa ya aiko akuyar?"

Senah ta yi dariya har ƙafar ta amsa, ta dafe gado. Mak Jenab ta ce ita ma ta fasa tafiyar. Senah ta ce wallahi in ta fasa ba ita ba ita har abada.

"Me zan je yi? Ke ce mai maganar. Ni wa zan yi wa magana?"

"Ba ga dambu ba? Shi zai yi miki. Ki buɗe gwangwanin nan sau ɗaya, ki ga in ba a yi miki layi ba. Ki dawo min da ƙawaye, in ji gulmarsu."

Ran tafiya Mak Jenab ta sa sabon ɗinkinta, ta rungumi babban gwangwanin biskit da ta shaƙe da dambu. Tsohon gwangwani ne, da sunanta da na ƙauyensu a gindi da jan fenti, kamar duk kayan girkinta, don kada su ɓace a gidan biki. A ƙofar shiga aka tura kayan kowa cikin na'ura. Wani ma'aikaci mai furfura a gemu ya buɗe murfin, ƙanshi ya buge shi, ya lumshe ido, sannan ya rufe. Ya kira ta Mak Cik, wato Inna, yadda ake girmama dattijuwa.

"Mak Cik, a yi haƙuri. Ba a shiga da abincin gida."

"Ba sayarwa zan yi ba. Na rabawa ne."

"Na sani. Doka ce. Yawanci ma zubarwa ake yi."

Ta ƙanƙame gwangwanin. Mutumin ya dube ta, ya dubi layin da ke bayanta, ya liƙa wata takarda a murfin.

"Busasshe ne, ba zai lalace ba. In kun dawo ki zo teburin can ki karɓa."

Haka ta shiga jirgin, hannu na lilo, ba ta san inda za ta sa shi ba.

Ba za a ce ba ta ji daɗi ba. Ɗakin tsaf, da gadaje biyu, da tagar Senah. Bayan sallar asuba takan hau can sama, inda iska take, ta ga yadda teku ke sauya launi, daga baƙi zuwa toka zuwa wani shuɗi da ba ta taɓa gani ko a yadi ba. Ta ga kifaye masu tsalle suna bin gefen jirgi. Ta ga tsibirai suna fitowa daga hazo kamar an kife ƙwarya. Alƙibla ma ba ta zama wuri ɗaya, inda ta fuskanta da azahar ba nan ba ne da magariba, abin ya riƙa ba ta dariya. Sai dai duk sanda dariyar ta zo, takan juya ta ce, "Senah, duba," sai ta ga ɗaya gadon a shimfiɗe yadda aka bar shi.

Wajen cin abinci ne abin ya fi nauyi. Zaure ne da ba a ganin ƙarshensa, abinci jere-jere, kowa ya ɗebi son ransa. Ta taɓa ɗaukar farantinta za ta kai wajen wanki, wata ma'aikaciya ta karɓe da murmushi. Ta taɓa tsayawa a ƙofar da masu abinci ke fitowa, tana jin ƙarar tukwane daga ciki, har aka tambaye ta ko ta ɓata ne.

Rana ta biyu ta yi ta maza. Ta ciko faranti da kek, ta nufi teburin wasu mata da miji, ta ajiye a gabansu.

"Bismillah, ku taɓa."

Matar ta ɗago daga wayarta. "Ayya, mun gode, Mak Cik. Ai ga shi can da yawa, kyauta ne. Ki ci abinki."

Ko bakin farantin ba su taɓa ba. Mak Jenab ta koma da shi mazauninta. Ba ta ga laifinsu ba. Abin da ba hannunka ya yi ba, kuma ba na kowa ba, ta yaya za ka yi tayinsa?

A ranar ta lura da wata dattijuwa, sa'arta, mai koren mayafi, da takan zauna ita kaɗai a jikin taga. Wani magidanci da matarsa sukan kawo ta, su zubo mata abinci, su tafi harkarsu. Ita kuma ta yi ta juya shinkafa da cokali tana kallon ruwa. Idonsu ya haɗu, suka gyaɗa wa juna kai. Washegari ma haka. Da jirgi ya tsaya a Langkawi, mutane suka sauka yawon gari, zauren ya yi fayau, ya rage su biyu da masu goge tebur. Mak Jenab ta miƙe ta nufe ta. Saura kaɗan ta isa ta dubi hannunta, ba komai a ciki. Sai ta zarce jikin taga ta tsaya kamar teku ta zo gani. Ta daɗe a tsaye. Ta ji dattijuwar ta gyara murya a bayanta, ta jira, amma ba abin da ya biyo baya.

Da safen da jirgi ya dawo Penang, Mak Jenab ta nufi teburin da aka nuna mata. An tara kaya a kai, dutsen guga, tukunyar shinkafa ta lantarki, wuƙaƙe, har da turmin dutse na wata baiwar Allah. Ta hango gwangwaninta, ta miƙa hannu. A gefenta wani hannu ya miƙo ya ɗauki wata kwalba da aka ɗaure wa baki da leda. Mai koren mayafi ce.

Suka dubi juna, suka dubi kayan.

"Au," in ji dattijuwar, "ashe ke ma kina da ɗan fursuna."

Mak Jenab ta ɓamɓare murfin tun kafin ta yi tunani. "Bismillah, taɓa."

Dattijuwar ba taɓawa ta yi ba, dintsa ta yi ta kai baki. Ta tauna a hankali.

"La ilaha illallahu. Wannan yana nan a kulle, mu muna can muna cin shinkafar da ba ta san gishiri ba? Tsamiya kika sa?"

"Kaɗan. Sai an kusa saukewa."

"Mu a Terengganu sukari muke zubawa har ya yi kamar alewa. Naku ya fi, amma kada ki faɗa wa kowa na ce. Sunana Embong."

Suka samu benci a inuwa. Kwalbar Embong romon kifi ne mai gishiri, irin na mutanen gabas, wanda ta haɗa da hannunta. Ta ce rabonta da cin shinkafa ba shi tun tana amarya.

"Na so in yi miki magana tun ran farko," in ji ta. "Na ce da me zan je? In je in zauna ina kallonki kamar mujiya?"

"Ni ma na zo har kusa da ke."

"Na gan ki. Na ce wannan mata da son teku take."

Mak Jenab ta yi dariya da ƙarfi, har ita kanta ta ji baƙon abu. Ta ba ta labarin Senah da akuya. Embong ta ba ta labarin surukarta, wadda ta ɗauki hoton kowane abinci amma ba ta ci ko ɗaya ba. Hira ta fara daɗi ke nan sai magidancin nan, ɗan Embong, ya ƙwala kira daga bakin titi.

"Mak! Mota na jira, hanya da nisa!"

"Ka ji shi. Kwana nawa bai neme ni ba, yau da na samu mutum yake sauri."

Mak Jenab ta laluba jaka neman leda, ba ta samu ba. Sai ta danna murfin, ta ɗora gwangwanin gaba ɗaya a cinyar Embong.

"Haba, Kak, duka?"

"Na rabawa ne."

Embong ta juya shi ta ga jan rubutun da ke gindi, ta karanta a hankali.

"To kin ɗaure ni. Ba a mai da kwano wayam, kuma ba a aiko shi. Sai na kawo da ƙafata." Ta tura mata kwalbar. "Riƙe wannan, kada ki ce na gudu da kayanki."

Ɗan ya sake kira. Ta tafi tana rungume da gwangwanin, koren mayafin ya shige cikin mutane.

Da yamma Mak Jenab ta shiga wajen Senah, wadda aka sallamo tana zaune da ƙafa a kan matashi.

"Maraba da mutanen teku! Ina ƙawayen?"

"Ɗaya ce."

"Ɗaya tal? To ina take?"

"Ta tafi Terengganu."

"Kin karɓi lambarta?"

Mak Jenab ta girgiza kai.

"Kak Jenab! To ina dambuna da na ce ki ajiye min?"

"Shi ma ya tafi Terengganu."

Damina ta zo ta wuce. Mak Jenab ta koma gidajen biki, bayan gida, inda hayaƙi yake. Romon kifin ya ƙare tuni, ta wanke kwalbar ta cika ta da yajinta ta ɗaure bakin. A kan kantar kicin, tsakanin gwangwanin sukari da na gari, akwai gurbin tsohon gwangwaninta. Nani ta zo hutu ta sayo mata sabon gwangwani mai kyau, ta ɗora a wurin. Da ta koma, Mak Jenab ta sauke shi ta sa a ƙasan kanta.