Da Hannun Hagu Na Rubuta Masa

Salamu alaikum. Wata bakwai ba ku ji ni ba. Yau ga ni, cike da murna!

Ɗana na fari ya samu aiki a jirgin kamun kifi. Ya kira sau biyu, daga nan shiru, fiye da shekara. Na daina cin abinci. Kaina kullum yana sarawa, ina cewa gajiya ce.

Wata safiya a unguwarmu ta Plumstead kofin shayi ya suɓuce mini. Bakina ya karkace. 'Yata Hadiza ta kira motar asibiti.

Aka ɗauki hoton kaina, aka ɗebi jini. Likita ya ce, "Hawan jini ne ya shanye ɓarin dama. Kun zo da wuri." Tsoro ya kama ni, kada in mutu ban gan shi ba.

Mai koya mini magana ta tambaye ni sunan ɗana. Na yi shiru. Ta fara rubuta cewa na manta. Hadiza ta fashe da dariya: "Mum ba ta manta ba! Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa." Mai Sunan Malam nake ce masa.

Ana nan sai wata 'yar jarida da Hadiza ta daɗe tana aika wa saƙo ta zo har gadona. Ta gano jirgin. An ƙwace fasfon ma'aikatan, ana sa su aiki ba hutu. Ta ce, "Yana tsoron magana, gani yake tarko ne. Mama, ba ni abin da zai yarda da shi."

Ina da shekara arba'in da biyar shi ya koya mini rubutu. Kullum "d" ɗina baya yake kallo, yana tsokanata. Na kama biro da hagu na rubuta: "Mai Sunan Malam, ka dawo."

Ta aika masa, ya gani, ya yi magana! Labarin ya fito, hukuma ta shiga jirgin, aka fitar da su duka.

Yanzu ina takawa da sanda. Na gode wa Allah, da likitoci, da wannan baiwar Allah 'yar jarida.

Iyaye mata, ku auna jininku. Kada ku bar 'ya'yanku su miƙa fasfo ga mai ba su aiki. Kuma ku koyi rubutu, ko da furfura.

Jiya ya shigo, ya rame, tafin hannunsa duk tsaga. Ya durƙusa ya ciro takardar daga aljihu.

"Umma, har yanzu ba ki gyara 'd' ɗin nan ba?"

Ba zan gyara ba!