Ina Ruwanki

Ku da kuka san Kawu Lawan, kun san ba a shiga shagonsa na buga takardu a Gyaɗi-Gyaɗi da filash a hannu. Tun daga bakin ƙofa zai miƙo maka wani tsohon gwangwanin madara.

"Jefa shi nan. Sai jibi."

"Haba Kawu, shafi biyu fa za a buga min!"

"Na san gidajen da ya kwana? Kwamfuta ma ɗaukar cuta take yi."

Wai killacewa ke nan! Na yi bayani har bakina ya bushe, cewa bairus ba ya mutuwa don ya kwana a gwangwani. Ya ce ai ya sani, mai filash ɗin yake gwadawa: in mai gaggawa ne, ya je ya shafa wa wani.

Wata rana saƙo ya shigo masa, wai ya ci kyautar mota, ya danna nan ya sa lambobin katinsa. Maƙwabcinsa Malam Bitrus, malamin makarantar nan ɗan Kagoro, har ya fara taya shi murna. Kawu ya gyara tabarau.

"Bitrus, ni da ko bokiti ban taɓa ci a gasa ba? In tawa ce su turo ta, ai sun san titin Gidan Zoo."

Intanet kuwa, da ya gama tura abin da zai tura sai ya zare wayar daga bayan kwamfuta, ya naɗe ya cusa a aljihu. Wai taga ce, kuma shi ba ya barin taga a buɗe. Muna ta yi masa dariya, har shekarar da wata cuta ta bi shagunan layin ta kulle musu aikinsu kaf. Kawu kaɗai ya tsira. Sati guda yana zagayawa jaje, murmushi fal bakinsa.

Amma abin da ya fi ƙona mana rai fasuwod ɗinsa ne, kalmar sirrin buɗe kwamfutar. Kowa ya tambaya, amsa ɗaya ce: "Ina ruwanka?"

To, wata biyu da rasuwarsa, sai ga wani mutum da takarda, wai gidan Kawu na unguwar Darmanawa nasa ne, gidan da Inna Habi, matar Kawu, take takaba a ciki. Takardun asali ruwan sama ya jiƙa su tun tuni sun dagargaje, hotunansu kaɗai suka rage, a cikin kwamfutar nan. Mai gyara ya duba ya ce Kawu ya ɗaure ta tamau, in aka yi kuskure goma za ta goge komai.

Ni da Malam Bitrus muka ɗauko ta muka kai gidan. Na gwada sunan Kawu, sunan mahaifiyarsa, lambar tsohon babur ɗinsa, da sauransu. Takwas suka tafi a banza. Saura biyu.

Sai Malam Bitrus ya dafa ni. "Kai, anya ba amsar yake ba mu ba duk shekarun nan?"

Na rubuta inaruwanka. Ta ƙi! Saura ɗaya. Innalillahi!

Inna Habi ta ɗaga labule. "Me kuka rubuta?"

Na faɗa mata.

"Ai ni ba haka yake ce min ba. Shekara arba'in, in na ce Malam ina za ka, sai ya ce ina ruwanki."

Na yi bisimilla, na canza harafi ɗaya. Ta buɗe! Malam Bitrus ya zube a kujera yana cewa Allah mun gode. Abu na farko da muka gani an rubuta masa "Na Habi", ga takardun gida a ciki reras, har da sa hannun shaidu. Mai takardar nan da lauya ya nuna masa su, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Inna ta daɗe tana kallon sunanta. Tana dariya, hawaye na zuba, ta ce, "Ja'irin tsoho. Ashe da ruwana."

Allah Ya jiƙan Kawu Lawan, Ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya tsare wa Inna Habi gidanta, Allah Ya buɗe masa nasa a Aljanna. Amin.