Ranar da Ta Zauna

Jiya a jikin bas ɗin Rusholme na ga hoton 'yar fim ɗin nan baƙar fatar Amurka, ta yi furfura, sai na tuna surukata, marigayiya Hajiya. Hajiya ba ta jin Turanci, amma tana son matar. Kullum a matsayin 'yar aiki take fitowa, da faranti a hannu, Hajiya na ce wa talabijin, "Baiwar Allah, zauna ki ci mana!"

Tana kwance asibiti a Birmingham na nuna mata sabon fim a waya, ana zuba wa matar shayi. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ta zauna." Ta kamo hannuna, tafinta da ɗumi. "Ke ma zauna, 'yar nan, tun safe kike tsaye."

Allah ya zaunar da ke a inuwar Aljanna, Hajiya.