Miyar da ban ɗanɗana ba

Tuwo da miya nake sayarwa a Jibiya, kusa da inda manyan motoci ke tsayawa kafin su tsallaka zuwa Maraɗi. Tun rasuwar mijina da wannan tukunya na riƙe 'ya'yana. Mu 'yan Katolika ne, kuma ba mu da yawa a garin. Limaminmu, wanda muke kira Fada, daga Katsina yake zuwa ya yi mana Misa, wato babbar ibadarmu, wata Lahadin ya zo, wata kuma sai dai katikis, mai taimaka masa a nan garin, ya ja mu addu'a mu watse. Ga shi Lahadi ce ranar da aka fi ciniki.

A wurinmu, wanda zai karɓi Jikin Almasihu, wato gurasar da Fada ke tsarkakewa a Misa, ba ya sa komai a baki awa ɗaya kafin nan, in ban da ruwa ko magani. Abu ne mai sauƙi ga wanda ya san lokacin Misa. Mu kuwa ba mu sani ba. Da shingayen da ke hanya, Fada kan iso da hantsi, wani lokacin sai bayan azahar. In ya iso kuma ba ya zama, katikis ya bugo waya mu ruga. Saboda haka duk ranar da aka ce yana tafe, tun safe nake kame bakina. Miyar ma ba na ɗanɗanawa, da ido nake zuba gishiri. Ido kuwa bai san gishiri ba.

Akwai wani dattijon direba, mutumin Maraɗi, wanda sauran direbobi ke bin bayansa. Inda ya zauna cin abinci, nan suke zama. Mutum ne mai tsegumin miya, ko uwar miji albarka. Wata Lahadi ya kai loma ɗaya, ya ture kwanon.

"Inna, mi ya samu hannunki? Ran nan gishiri kamar za shi kashe mutum, yau kuma lami. Ga mai abinci can tsallaken titi tana ta kiranmu."

Na san ba wasa yake ba. In ya tashi, benci biyu ne za su tashi tare da shi, kuma ba lallai su dawo ba.

"Ɗanɗana da kanki ki ji," in ji shi, ya nuna ludayi.

Na ɗebo miyar. Na kai ta har kusa da baki, ina jin ƙamshin daddawa. Zuciyata ta ce ɗigo ɗaya ne, wa ma ya san ko Fada zai zo yau? Gaskiya na ji tsoro, don tukunyar nan ita ce abincin gidana. Amma na yi makonni ban karɓi Jikin Almasihu ba, kuma ina marmarinsa. Na mayar da ludayin.

"Alhaji, ba zan iya ba. Azumi nake har malaminmu ya iso."

"Ku ma kuna azumi?"

"Muna yi. Wannan gajere ne, sai dai ban san lokacin da zai ƙare ba."

Ya dube ni, ya dubi tsallaken titi. Yaran motarsa har sun fara neman takalmansu. Ni dai na ce a raina, Ubangiji, ga tukunyar nan, taka ce.

Sai ya miƙo hannu. "Kawo ludayin."

Ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya ce in ƙara gishiri. Na ƙara. Ya sake kurɓa, ya ce yaji ma bai ji ba. Sai da ya gyara miyar yadda yake so, sannan ya jawo kwanonsa, yana mitar cewa da tsufansa an mai da shi kuku.

Bai gama cin tuwon ba wayata ta yi ƙara. Katikis ne. Na tsaya ina kallon tukunya da mutanen da ke jiran a zuba musu.

"Tahi abinki," in ji Alhaji, bai ko ɗago kai ba. "Wanda ya gyara miya ai ya iya rabon ta."

Na ɗaura kallabi na tafi coci da bakina a kame.