Farin Turke na Ƙarshe

Sachilombo bai taɓa riƙe na'urar neman nakiya ba. Gadi yake yi a sansanin masu tonon nakiyoyin yaƙi, a wani ƙauye gabas da garin Luena. Yana ɗebo musu ruwa, yana shafa wa turaku fenti: ja inda ba a takawa, fari inda aka share.

Ba albashi ne ya kawo shi aikin ba. Matarsa Nyachilombo ta rasu ana tsakiyar yaƙi, aka binne ta a gindin mangwaro a tsohon garinsu. Ƙasar kabarin ba ta gama kwantawa ba sojoji suka iso, jama'a suka tsere Zambiya, aka binne nakiyoyi a kangon. Da aka dawo, sai aka kafa sabon gari a bakin hanya. 'Yarsu ta yi aure can ƙetare, ba ta dawo ba. Duk ranar biyu ga Nuwamba, lokacin da kowa ke share kabarin mamacinsa, shi sai ya tsaya da tsintsiya yana hangen mangwaron daga nesa.

A hankali fararen turaku suka yi ta matsawa, har ya fara ganin saiwoyin bishiyar. A nan ne shugabar aikin, Dona Muzala, ta kira shi gefe.

"Baba, kuɗin da ake aiko mana daga waje sun ƙare. Gobe za mu kwashe kaya."

"Gwamnatinmu fa?"

"Ta ce za ta zuba nata. Maganar tana Luanda, babban birni."

"'Yata, ga matata can fa. Ko tari na yi za ta ji."

"Na sani, Baba. Abu ɗaya nake roƙonka, kada turakun nan su ɓace. In suka ɓace, ran da muka dawo daga bakin hanya za mu sake farawa."

Motoci suka tafi, suka bar shi da rabin gwangwanin fenti. Da ya ƙare, sai ya koma ga jar ƙasa da farar ƙasa, irin wadda ake shafa wa masu rawar kaciya. Ruwa ya wanke, ya sake shafawa. Gara ta ci turke, ya sassaƙa wani ya kafa a ramin. Ba mai biyansa, ba mai zuwa dubawa. In ya dafa tuwon rogo, a bakin layin turakun yake ci, fuskarsa wajen mangwaron.

Kapalu mai awaki, sa'ansa ne kuma abokin wasansa, shi kaɗai ke leƙo shi.

"Kai tsohon banza, kullum awakina suna can suna shan mangwaron matarka. Bi sawunsu mana!"

"Akuya ka mayar da ni?"

"Ka fi ta nauyi ne? Dubi ƙafafunka kamar kara."

Maganar ta zauna masa a rai. Da ranar sharar kabari ta zagayo, ya ɗauki tsintsiya ya je bakin hanyar awakin. 'Yar siririya ce, ta tafi sak har gindin bishiyar. Ya ɗaga ƙafa zai haura jan turke. Sai idonsa ya faɗa kan layin, ya ga turke ɗaya ya karkace. In ƙasa ta tashi da shi yau, wa zai miƙe shi gobe?

Ya janye ƙafar. Ya gyara turken, sannan ya share ɓangaren fari tas, har inda aka yarda ya taka.

"Nyachilombo," ya ce, "bana ma nan na tsaya."

Da Kapalu ya biyo da awaki, Sachilombo ya nuna masa gindin farin turke na ƙarshe.

"In na rasu kafin su Dona Muzala su dawo, nan za ka sa ni."

Kapalu ya matso gindin turken. Ya tsuguna ya karɓi kaskon farar ƙasar shafa turaku daga hannun Sachilombo.