Furen Maraɗi da Akuyar Baraka

Rana ta farko: Dakoro zuwa Maraɗi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fita gida, bayan na yi sallah na kurɓi kunu a tsaye. Saura mako uku bikin Mariyama, ɗiyar marigayiya yayata, wadda na riƙa tun tana 'yar shekara shida. Abu biyu suka tashe ni. Dangin ango mutanen Maraɗi ne, sun nace in zo in ga wuraren haya da suke kira sal, don a can suke son a yi wunin biki. Na biyu kuwa alkawari ne na ɗauka da bakina. Mariyama ba yarinya ce mai roƙo ba, amma ta nuna mini hoto a wayarta ta ce, "Inna, hure nika so mai rai, ba na roba ba." Ni kuma da saurin baki na ce ko a Yamai yake sai na kawo shi.

Motar ba ta cika ba sai ƙarfe bakwai saura kwata. Jika uku na biya, aka matse mu hurhuɗu a layi. Mun tsaya Kornaka ƙarfe takwas da 'yan mintoci, na sayi ƙosai na dala ashirin. Kafin shiga Maraɗi jandarmomi suka duba katunanmu, ba su riƙe kowa ba. Kilomita ɗari da ashirin da 'yan kai ne, amma sai goma da rabi muka sauka tasha.

Hajiya Sa'a, gwaggon ango, ita ta tarbe ni. Mace ce mai kirki, sai dai in ta fara yabon birni ba ta da birki. Ko ruwa ban gama sha ba ta tare mana adaidaita.

Sal na farko ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sanyi kamar cikin randa, kujeru duk an sa musu farar riga da ɗamara. Mai wurin ya ce kujera ɗari biyu ce, kuma akwai mai gadi a ƙofa, ba mai shiga sai da katin gayyata.

Na ce, "To in dangin uwata na ƙauyen Mai Yara sunka cika mota sunka taho babu kati hwa?"

Ya ce, "Hajiya, sai su jira waje."

Na ce, "Su waɗanda sunka yi mani wankan jego? Mu tahi, Hajiya Sa'a."

Na biyu fili ne mai ciyawa da fitilu. Nan kuma ba a hura itace, abinci sai nasu, kowa da 'yar farantinsa kamar rabon magani. A wurinmu biki babu tukwane a kan murhu da mata suna tuƙi suna guɗa ai zaman makoki ne. Muka yi ta ja da Hajiya Sa'a har azahar. Daga ƙarshe muka tsaya a kan cewa wuni a Dakoro za a yi shi, a babban filin gidan Yaya Mamman, inda yake kiwon ragunansa a gefe guda. Akwai bishiyoyin bedi uku masu inuwa, kuma ƙofar ba ta taɓa sanin kati ba. In an kawo amarya Maraɗi, su yi nasu da sanyinsu.

Da la'asar muka je lambunan gefen gulbi, wurin masu sayar da dashe. Na ce wa wani mai lambu ina son fure mai jure rana da tafiya, wanda zai kai mako uku bai yi yaushi ba. Ya kai ni wurin wasu bishiyoyi ƙanana a cikin baƙar leda, tsawonsu zuwa ƙugu, ganye siriri, fure jaja-jaja da fari. Ya ce sunansa loriye.

"Wanga ba shi jin rana," in ji shi. "Ko bisashe ba su kula shi."

Jin ko dabbobi ba sa cin sa, na ce ai shi ne na Dakoro. Na ɗauki goma sha biyu, jika guda kowanne. Har na tsara su a kaina: shida su jeru daga ƙofa, huɗu su kewaye kujerar amarya, biyu a bakin rumfar mata. Na kwana gidan Hajiya Sa'a, aka yi mini shinkafa da miyar kaji.

Rana ta biyu: Maraɗi zuwa Kornaka

Ƙarfe shida da rabi muka tashi. Direba ya jera furen a saman mota, ya karɓi dala ɗari biyu kuɗin kaya. Sau uku ina fitowa in duba ɗaurin, har ya ce ko amaryar ce ba a yi mata wannan rakiya. Ranar kasuwar Dakoro ce, don haka duk garin da muka tsaya sai an ƙara mutum ko buhu.

A Kornaka, ƙarfe tara, wata mata ta shigo. Ba ta kai shekaruna ba amma wahala ta tsofar da ita, zanenta ya koɗe, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ta ce sunanta Baraka, daga wani ƙauye na wajen Ɗan Gulbi ta taso tun asuba. Tana jan jar akuya, za ta kai kasuwa. Direba ya ɗaure ƙafafun akuyar ya ɗora ta sama. Na ce ya nisanta ta da kayana, ya ce an gama. Ban fita na duba ba, don da na tashi da wurina ya tafi.

A kan hanya

Ba mu yi rabin sa'a ba taya ta fashe. Muka fito muka tsaya inuwar wata aduwa. Ɗaga kan da zan yi, sai na ga akuyar ta miƙa wuya tana tauna. Ta kwashe ganye da furen bishiya biyu, ta bar mini tsinke.

Ina jin kunyar rubuta abin da na yi, amma zan rubuta. Na taso wa matar nan da masifa a gaban kowa. Na ce ba ta ciyar da dabbarta sai ta kawo ta kan kayan mutane. Na ce ta san daga inda na ɗauko shi kuwa? Na ce wannan ba harawa ba ce, kayan biki ne, ko da yake ina za ta sani. Ita dai sai "Ki yi haƙuri, Hajiya," tana murza bakin zanenta. Wani dattijo ya ce ya isa haka, na ce da shi ba furensa ba ne. Sai da muka yi kusan sa'a guda kafin motar ta tashi, ni da Baraka kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon wani.

Dakoro

Sha biyu saura muka shiga tasha. Aka sauko da akuyar aka kwance ta, ta ƙi tsayuwa. Jikinta na rawa, yawu na zuba. Wani tsohon Buzu mai jiran kayansa ya tsuguna ya buɗe bakinta, sannan ya dubi furena da ake saukewa. Ya tsinki ganye ɗaya ya sansana ya yar, ya goge hannunsa da ƙasa.

"Wanga ta ci? Na ga ya kada raƙumi. Wa ya kawo shi garin bisashe?"

Duk suka juyo gare ni.

Na ɗauki amalanke muka kai ta wurin likitan dabbobi. Ya yi mata allura, ya ce guba ce mai kama zuciya, dabba ba ta cin sa sai yunwa ta matsa mata, kuma ko an yanka kada a ci naman. Ya tambayi inda zan kai furen. Da na faɗa masa sai ya dube ni kawai. Ban buƙaci bayani ba. A Dakoro ba a zubar da ɗanyen ganye. Da an watse daga biki mata za su share fili su watsa wa ragunan Yaya Mamman, yara kuma sai sun tsinki furen sun tsotsa. Na zauna a kan dakali.

Akuyar ta mutu bayan azahar. Baraka ba ta yi kuka ba, ta dai kwance igiyar daga wuyanta ta naɗe. Sai a nan na tambaye ta abin da za ta yi da kuɗin, ta ce kwanoni da tabarmi za ta saya, ɗiyarta za a kai ɗaki bayan sati biyu. Akuyar ke nan gare ta.

Na ce ta biyo ni gida. Mariyama ta fito da gudu ta ga furen a kan amalanke, fuskarta ta washe, har ta kai hannu. Na riƙe hannun na faɗa mata komai, har da abin da na ce wa matar a hanya. Idonta ya kawo ruwa, don ta ƙwallafa rai ƙwarai. Can ta ce, "Inna, a sa na roba." Ita ta kama mini muka haƙa rami bayan gida muka binne su duka, har da ledar.

Awaki uku gare ni. Na kama babbar, mai ciki, na ɗaura mata igiyar Baraka. Baraka ta ƙi karɓa har sai da na rantse. Kasuwa ta riga ta fara watsewa, na raka ta bakin hanya don ta samu dillalai. Mun yi sallama ta yi taku kaɗan, sai ta juyo.

"Hajiya, ki yahe mani hurenki da ta ɓata maki."

Ni da aka sani da magana a unguwa, tsaye na yi har ta sha kwana.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni lafiya. Na gode wa Hajiya Sa'a da masauki, da tsohon Buzun da ban tambayi sunansa ba. Baraka kuwa ba godiya ce tsakanina da ita ba. Gafara ce ban nema ba a lokacin da ya kamata, kuma ban ma san sunan ƙauyensu ba.