Takardar Ƙunshin Ƙosai

Shekarun baya, da na sake faɗuwa jarrabawar shiga jami'a, sai na tattara na koma Bakori ina taya babana noman masara. Wallahi zuciyata a mace take, na riga na yanke cewa ni da karatu mun yi hannun riga.

Wata safiya na sayi ƙosai a tasha. Ina ci ina duban takardar da aka ƙunshe mini shi, sai na ga Turanci ne, wani dattijon zamanin da yana tambayar abokansa mene ne adalci, duk amsar da suka kawo sai ya warware ta. Musu ya fara daɗi ke nan takarda ta ƙare. Na koma wajen mai ƙosan, ta nuna mini buhun littattafan wani malamin makaranta da ya rasu, tana yaga tana ƙunshi. Na kawo mata tsofaffin jaridu muka yi musaya, amma rabin littafin dattijon ya riga ya bi masu saye.

Sai na shiga zagaya tasha ina tsintar takardu masu maiƙo, ina karantawa a tsaye, har ina yi wa dattijon gardama a fili. To, kun dai san sunan mai tsintar takarda a bola yana magana shi kaɗai. Nan da nan labari ya kai gida wai na taɓu.

Na tarar da mahaifiyata ko abinci ta kasa ci, ga rubutu a kwano yana jirana. Na shanye abina, sannan na zauna na fassara mata shafi ɗaya da Hausa. Ta ce wannan tsoho dai akwai neman magana, amma da hankalinsa. Ta tambayi yadda suka ƙare, na ce ai ƙarshen nake nema.

Bayan kwana biyu ta dawo daga unguwa tana kwance bakin mayafinta.

"Ungo, ɗan nan. A bakin kwata na tsinto maka, ko shi ne ƙarshen."

Takardar maganin feshin ciyawa ce. Matar da surutun mutane ya hana ta cin abinci, ita ce ta durƙusa a gabansu ta tsinto mini takarda. Na karanta ta tsaf, idona na kawo ruwa, na ce, "Shi ne, Inna."

Kafin damina ta zagayo na cinye buhun nan tas, kuma tun daga nan ban sake jiran wani ya ba ni izinin karatu ba. Daga baya na samu cikakken littafin a Zariya, na karanta ƙarshensa, ya kuma yi daɗi. Amma har yau a tsohon littafin nawa, daidai inda ya yage, takardar feshin Inna ce a ajiye.